Akuya Ta Tsaya a Tsakiyar Fili

Uwata,

Sallama da gaisuwar uba ga 'yarsa. Ina fata kina lafiya, kuma mazan garejin naku ba sa barin ki da cicciɓar injinan ban ruwa ke kaɗai. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu da ke yi mini tsiya da safe. Gwaggonki na gaishe ki, ta ce ki daina aiko mata da hoto da baƙin mai a goshi. Kada ki ce don me ban kira ba. Kin san ni da waya, kunnen nan ya yi nauyi, gara takarda. Direban da ke kawo wa makaranta kaya zai miƙa miki.

To, ga labari: Akuya ta tsaya! Motar yankan ciyawar nan da kika raɗa wa suna tun kina zama a cinyata muna zagaya filin ƙwallo. Ina tsakiyar fili sai kujera ta yi wata irin girgiza a ƙarƙashina, ta yi atishawa ta kafireto, ta yi ɗif. Na murɗa makulli har na gaji, ƙememe ta ƙi tashi. Ni da mai gadi muka tura ta rumfa muna haki.

Amma tsaya ki ji abin da ubanki ya yi. Ban kira kowa ba. Na canza fulogi, shiru. Na wanke kafireto, shiru. Sai na tuna murfin nan na gaban inji da kika taɓa buɗewa kika nuna mini bawul biyu, na shigar mai da na fitar hayaƙi. Na kwance shi. Me zan gani? Ƙarafan nan biyu masu lilo a kan bawul, ɗaya na zaune daram, ɗaya ya karkace yana reto. Na zaro siraran sandunan da ke tura su. Ɗaya miƙe take sak, ɗayar ta lanƙwashe kamar bakan maharbi. Na yi ihu har mai gadi ya zo a guje da kulki, ya ɗauka maciji na gani. Ni na gano ciwon, Uwata, ni da kaina!

Saura inda gizo ke saƙa. Shugaban makaranta ya zo ya tsaya a bakin rumfa, ya rubuta mini a allon hannunsa cewa in ba ta tashi kafin yara su dawo daga hutu ba, za a sayar wa 'yan gwangwan, a ɗauko kamfanin yankan ciyawa. Ba da mugunta ya faɗa ba, amma kin san ma'anarsa. Gwiwata ba za ta iya adda ba. In ba Akuya, ba aikina a filin nan.

Na naɗe lanƙwasasshiyar sandar a tsumma na haɗo miki. Ki nemo mini irinta, ki rubuto yadda ake sawa, da manyan baƙaƙe.

Babanki, sabon bakanike

* * *

Baba,

Na gaishe ka da girmamawa. Ina lafiya, aiki ne dai ba kama hannun yaro. Ka gaida Gwaggo, ka ce mata baƙin mai ado ne a wurinmu. Gwiwar nan kuma a riƙa shafa mata magani, ba a riƙa yi mata faɗa ba.

Baba, ka burge ni! Na karanta wa abokan aiki takardarka, har mai gareji ya ce in ka gaji da ciyawa akwai benci a nan. Ga sanda sabuwa fil. Ta ɓangaren hayaƙi ce ta lanƙwashe, ita ce ta ƙarfe. Ɗayar da ke wurinka ba ta da nauyi, ta ɓangaren mai ce. Kada su musanya maka. In ka rikice, ɗauko maganaɗisun da ke jikin ƙofar firij ɗin Gwaggo, wadda ya kama ita ce ta hayaƙi.

Ga kuma ma'aunin tazara, wannan mai siraran ganyayen ƙarfe. Na shafa wa ganye biyu jan farce don kada ka wahala da ƙananan lambobi. Mai ja na hayaƙi ne, mai ruwan hoda na mai. Kada ka bari mai gadi ya yi maka dariya.

Inji ya zama a sanyaye. Ka cire fulogi, ka juya inji da hannu har fistan ya hau can sama bawul biyu na rufe, sannan ka ɗan gota kaɗan. Ka zura sanda har ka ji ta zauna a gurbinta, ka ɗora ƙarfen lilo a kai. Ka sa ganyen ma'auni tsakaninsa da kan bawul, ka riƙa ɗaure noti a hankali har ganyen ya riƙa fita da ɗan ja, ba a sake ba, ba a maƙale ba. Ka kulle, ka sake aunawa, don noti na da halin motsawa in ana kulle shi. In ka tayar, ka kasa kunne sosai. Da ka ji tana ƙwas-ƙwas, ka kashe nan take.

Wani labarin kuma: na yi wa ƙaramin ɗakin da ke kusa da nawa fenti, na sa gado da labule. Tagarsa na kallon bishiya. Na dai faɗa maka ne kawai.

'Yarka

* * *

Uwata,

Lafiya lau, kowa lafiya, gwiwa ma yau ta ji kunya ta yi shiru. Ba ni da haƙurin doguwar gaisuwa. TA TASHI!

Murɗa ɗaya, Uwata! Ta yi tari, ta yi miƙa, ta kama rawa a ƙarƙashina kamar ba ita ba. Na bi takardarki layi-layi da yatsa. Maganaɗisu ya yi aikinsa, sai dai Gwaggonki ta biyo ni har rumfa tana neman abinta. Mai gadi ya ga jan farce ya ce ashe na fara kwalliya da tsufana, na ce masa kwalliyar injiniyoyi ce, ba zai gane ba.

Na fito da ita fili na yi zagaye, na ɗaga wa shugaban makaranta hannu ta taga, shi ma ya ɗaga. Hadari ne ya kore ni, da yau na gama rabi. Gobe da sanyin safiya zan faɗa wa ciyawar nan, ta kai mini gwiwa a bayan raga.

Ɗakin naki kuma ki sa kaji a ciki. Ubanki yana da aiki.

Babanki

* * *

Baba,

Gaisuwa a gaggauce, ina fata kana lafiya. Ban jira amsarka ba, don abin ya hana ni sukuni. KADA KA TAYAR DA ITA TUKUNA.

Ɗoki ya sa ban tambayi abin da ya kamata in fara tambaya ba. Sanda ba ta lanƙwashewa haka kawai, wani abu ne ya tare ta. Kowane bawul yana zirga-zirga ne a cikin wani ɗan bututu da aka dasa a kan inji. In inji ya yi zafi fiye da kima, bututun sai ya saki ya zamo waje, ya tokare bawul, sanda ta turo ta rasa hanya, ta karye ko ta lanƙwashe. Ka danna kowane bawul da babban yatsa. In ɗaya ya tsaya a rabin hanya, to shi ne. Ka kuma cire babban murfin fanka na sama ka ga me ya hana iska shiga.

Allah ya sa wannan ta riga ka.

'Yarka

* * *

Uwata,

Muna lafiya. Gwaggonki na gaisuwa.

Takardarki ta gaggawa ta iso, sannu da ƙoƙari. Ta yi ta yawo a ƙarƙashin kujerar direba har ya je wata hanya ya dawo. Lokacin da ya miƙo mini ita yana sosa ƙeya, Akuya na rumfa, sabuwar sandarki na hannuna, ta fi ta farko lanƙwasa. Ban kai ko layi na uku na yankan ciyawa ba ta sake yin ɗif, a gaban tagar shugaban makaranta.

Mai gadi ya ce tun daga ƙofa yake jin tana ƙwas-ƙwas, ya yi ta ɗaga mini hannu, ni kuma ina ɗaga masa, na ɗauka murna yake taya ni. Kin rubuta wai in kasa kunne. Wane kunnen? Uwata, ba nauyi kunnen nan ya yi ba kamar yadda kika bar shi, ya tafi. Ba na jin ƙararrawar makaranta. Ba na jin tsawa sai dai in ga walƙiya. Gwaggonki da hannu take yi mini magana, kuma ko da hannun faɗa take yi. Ke da kike gyaran inji, kika ba kurma aikin saurare.

Raina a ɓace yake, kuma zan faɗi abin da ke cikina. Na sake karanta takardarki ta farko, na ga gyara a sama, ɗaki mai fenti a ƙasa. Anya ba kin riga kin yanke cewa Akuya ta gama yayi ba, kika aiko da sanda don dai a lallashi tsoho, gado na can na jira? In haka ne ki faɗa mini kai tsaye. Na fi son a ce mini sauka, da a bar ni in faɗo a gaban mutane.

Babanki

* * *

Uwata,

Ina gaisuwa. Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, ba takarda. Ya ce ya je gareji aka ce kin fita. Ko ba ki da lafiya ne? Ko fushi ne? In fushi ne, to ni kika gado, ba zan ce komai ba.

Na yi abin da kika ce. Bawul ɗin hayaƙi ya tsaya a rabin hanya, bututunsa ya leƙo waje ya fi ɗan'uwansa tsawo, ƙiri-ƙiri. Sannan na cire murfin fanka. Uwata, gida na samu! Ɓera ya yi gini a haƙarƙarin inji, tsagogin nan da iska ke bi ta sanyaya shi, da ciyawa da audugar kujera da igiyar ragar ƙwallo, har da safar wani ɗalibi. Na cika bokiti. Uwar gidan ta fito ta dube ni ido cikin ido kafin ta wuce, ko kunya babu. Ashe shi ya toshe iska inji ke dahuwa. Na yi dariya ni kaɗai har hawaye, sai kuma na rasa wa zan ba labari.

Ɗan gwangwan ya zo jiya tare da shugaban makaranta. Ya zagaya Akuya, ya daki tayarta da ƙafa. Ban san me suka ce ba, na dai ga yana gyaɗa kai. An fara share azuzuwa, kin san hutu ya zo ƙarshe.

Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Babanki

* * *

Baba,

Na durƙusa na gaishe ka. Lafiyata ƙalau, ba ciwo. Fushi kam na yi, na kuma yi kuka a bayan gareji inda ba mai gani. Ban san kunnen ya kai haka ba. Duk zuwan da nake yi kana kallon bakina kana gyaɗa kai, ashe karanta ni kake yi.

Ka ce in faɗa kai tsaye, to ga shi. E, ina so ka zo. Ina so in dawo daga aiki in tarar da takalmanka a ƙofa. Amma ban taɓa yi wa inji gyaran ƙarya ba, ba kuwa zan fara a kan na ubana ba. Kuskure na yi, ba dabara ba.

Shirun da ka ji, yawo nake yi. Mayar da bututun nan da guduma ba ya daɗewa, gara a canza kan injin gaba ɗaya, wato ɓangaren da bawul ke ciki. Na bi rumfunan tsofaffin injina har takalmina ya tsage, sai da na samo irinsa mai lafiya. Na wanke, na goge mazaunin bawul da hannuna, na haɗa komai. Ga shi a kwali, da gaskit ɗin da ke shiga tsakaninsa da jikin inji, da sanda. Na sa wa kusoshin ɗigon jan farce, da mai ɗigo ɗaya za ka fara, ka bi su a gicciye, kaɗan-kaɗan, kada ka gama ɗaure ɗaya ka bar saura. Na ce wa direba in kwalin nan ya kwana a motarsa, ni da shi ne.

Yanzu ga babban labarin. Ka ga dogon sukudireba mai ƙotar itace a cikin kwalin? Shi ne kunnenka. Na cusa auduga a kunnuwana, na ɗora abin toshe kunne na masu walda a kai har na daina jin komai. Na tayar da wani inji mai lafiya, na dafa bakin sukudireba a murfin bawul, na ciji ƙotar a hankali. Baba, ana ji! Ta haƙori yake shiga har cikin kai. Sai na kwance tazarar da gangan na sake ji, na matse ta na sake ji. Yini na yi ina yi, abokan aiki na ta nuna ni suna cewa yunwa ta sa na fara cin kayan aiki.

Ga abin da bakinka zai gaya maka. In lafiya take, za ka ji sumul, kamar keken ɗinkin Gwaggo in ka dafa teburinsa. In tazara ta yi yawa, za ka ji wani abu na ɗan ƙwanƙwasa maka haƙori ɗaya-ɗaya a cikin sumul ɗin. In kuwa ka ji duka mai nauyi har muƙamuƙi, ka kashe kafin ka ƙifta ido. Ka ja birki tukuna, ka ɗaure rigarka, ka nisanci fanka.

Ka tayar mini da Akuya. Ɗaki ba ya gudu.

'Yarka

* * *

Uwata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da sa albarka. Ina lafiya, Gwaggonki lafiya, mai gadi lafiya, ɓera ma na ga alama ta samu wani gidan a ɗakin ajiyar ƙwallaye, ba ruwana.

Kwali ya iso da zafinsa, direba da kansa ya sauke shi yana cewa in shaida miki. Na share haƙarƙarin inji tas da tsinke da buroshi. Na ɗora kan injin, na bi ɗigon jan farce, na auna tazara, na kulle, na sake aunawa. Na ja birki, na murɗa makulli, ta tashi. Sai na durƙusa da gwiwar nan mai tsiya, na dafa sukudireba, na cija da haƙoran da suka rage.

Uwata, na ji ta. Rabon da in ji muryar Akuya har na manta, ga ta a cikin kaina tana gurnani. Kuma a ƙarƙashin gurnanin sai ga ɗan ƙwanƙwasan da kika ce, ɗaya-ɗaya, a turmin haƙorina na dama. Na kashe. Mai gadi ya rantse shi bai ji komai ba, na ce masa ai kai da kunne kake ji. Na jira ta huce, na auna, ashe notin hayaƙi ya ɗan saki. Na gyara, na tayar, na cija. Sumul, keken ɗinki sak! Na zauna a ƙasa da sukudireba a baki, hawaye na zuba, Gwaggonki ta zo ta same ni a haka ta ɗauka haƙori ne ke ciwo.

Na yanke fili kaf, har bayan raga, kafin motar farko ta sauke yara. Duk 'yan layuka sai in tsaya in cija in ji lafiyarta. Shugaban makaranta ya sauko ya taka ciyawar, ya sunkuya ya shafa, sannan ya rubuta a allonsa cewa ya sallami ɗan gwangwan. Ya nemi sukudireban shi ma ya gwada, na goge masa ƙotar da rigata.

Maganar da na yi miki kan ɗaki, ki yafe wa ubanki, baƙin ciki ne ya riƙe biro. Kada ki sa kajin. In an yi hutu na gaba zan zo in kwana a gadon nan, in ga bishiyar, in ajiye takalma a ƙofa. Amma zan dawo, don ciyawa ba ta hutu.

Saura roƙo ɗaya. Na gwada sukudireban a jikin rediyon mai gadi. Kalmomi ba sa fitowa, amma ina bambance mace da namiji, ina kuma gane in ana dariya. To ranar da takardar nan ta same ki, in kin tashi daga aiki, ki kira wayar mai gadi. Zai ɗora ta a kan benci, ni kuma ina nan da ƙota a baki. Ba sai kin faɗi komai ba, don ba zan gane ba. Ki dai tuna ubanki durƙushe yana cin sukudireba, ki yi dariyar nan taki. Ita zan gane.

Babanki